Mota Ko Jirgin Ƙasa? Lissafin Da Google Maps Ba Ta Yi Maka

A ce an kira ka intabiyu a Abuja ƙarfe goma na safe, kai kuma kana Kaduna. Ka buɗe Google Maps, ta nuna maka awoyin da za ka yi a mota. Yawancinmu daga nan muke yanke shawara, daga nan kuma ake makara.

Manhajar tana auna gudun wayoyin mutanen da ke kan titi a lokacin, shi ya sa take nuna kore inda hanya ta buɗe, ja inda aka yi cunkoso. Amma lissafinta na mai motar kansa ne. Ba ta san za ka zauna a tasha sai mota ta cika ba.

Masana harkar sufuri sun ce matafiyi yana auna abu huɗu ne, ko da bai lura ba: kuɗi, lokacin tafiya, lokacin jira, da kwanciyar hankali. A lissafinsu, minti ɗaya na jira yakan yi nauyin kusan minti biyu na cikin mota. Duk wanda ya taɓa jiran fasinja ɗaya tal a tasha ya san haka.

To, mu gwada da jirgin ƙasa. Layin Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne, an buɗe shi a 2016. Jirgi yana da lokacin tashi, ba ruwansa da gosulo. Sai dai ka haɗa da kuɗin keke zuwa Rigasa, da sayen tikiti tun da wuri, da kuɗin tasi daga Kubwa ko Idu, don duk biyun suna wajen gari. Ita mota ana samunta kusan kowane lokaci, amma ba ka da tabbacin yaushe za ta tashi.

Saboda haka ka yi lissafinka daga ƙofar hostel zuwa ƙofar ofishin. Ka sa lokacin da kake son isa a manhajar, ka ƙara lokacin jira, sannan ka tambayi wanda ya bi hanyar a makon nan. In abin na ƙarfe goman safe ne, gara ka kwana a can.