Darasi: Ko Adamu Ya Yi Noma Kafin Zunubi?

Karatu: Farawa 2:4-17 da 3:17-19

'Yan'uwa manoma na ƙasar Kankiya da Kusada, akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu, tun ba bayan girbi ba, sa'ad da motocin Kano suke cika da 'yan ci-rani. Sukan ce noma la'ana ne, wai Allah ya ɗora wa Adamu fartanya domin horo. Har waɗansu dattawa ma sukan gyaɗa kai. Maganar nan ba ƙarama ba ce, gama wanda ya ɗauki gonarsa kurkuku ba zai kai mata taki ba, ba zai dasa itace ba, ɗansa kuma ba zai so ya gāje shi ba. Saboda haka bari mu duba abin da malaman Ikkilisiya na dā suka koyar a kan yadda mutum yake kafin zunubi na fari.

Malamai biyu za mu bi. Na fari shi ne Agustin, mutumin Afirka, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Ya rasu a 430. Na biyu Toma Akwinas ne, mutumin Italiya, wanda ya koyar a jami'ar Paris ta Faransa, ya rasu a 1274. Babban littafinsa shi ne Summa Theologiae. Wani zai ce ai wannan malamin Katolika ne. Haka ne, amma ya rasu fiye da shekara 200 kafin Martin Luther ya ta da maganar gyara a 1517. Mu dai mu auna koyarwarsa da Littafi Mai Tsarki, kamar yadda mukan gwada iri kafin shuka.

Toma ya ce Adamu mutum ne sosai irinmu, mai jiki, mai bukatar abinci. Bambancin shi ne kome nasa yana a kan tsari. Hankalinsa yana biyayya ga Allah, sha'awarsa tana biyayya ga hankali, jikinsa kuma yana biyayya ga ransa. Wannan tsari ana kiransa adalci na asali, kyauta ce kuwa daga Allah. Ku tuna da shanun huɗa. In mai garma yana riƙe da igiya, shanu sukan bi kunya sak. In ya saki, shanun ba su daina zama shanu ba, ƙarfinsu ma yana nan, amma sai su ratsa gonar maƙwabci. Da mutum ya tsinke igiyar da ke tsakaninsa da Allah, sauran igiyoyin duka suka kwance.

To, ina noma a ciki? Farawa 2:15 ta nuna an sa Adamu a gonar Aidan domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. A sura ta biyu ke nan, zunubi kuwa sai a sura ta uku. Agustin ya daɗe a kan wannan aya. A ganinsa noman Aidan aiki ne na gaske: shuka iri, dasa reshe, da lura da abin da kowane tsiro yake so. Sai dai babu wahala a ciki. Ya kwatanta shi da taɗi tsakanin hankalin mutum da halittar Allah, mutum yana tambaya, ƙasa tana amsawa. Toma ya bi sawunsa, ya ce daɗin aikin yana cikin gane ikon da Allah ya sa a halitta. Mu ma mun san ɗanɗanon wannan. Wanda ya lura gero yana fin kyau a ƙarƙashin gawo, don gawo yakan zubar da ganye da damina, ko wanda ya gane gonar da aka yi wake bara takan ba da dawa mai kyau bana, yana yin aikin Adamu na fari ne.

Ƙaya fa? Nan ne maganar Toma ta fi ba mu mamaki. Ya ce ƙaya da sarƙaƙƙiya suna cikin halitta tun kafin a la'anta ƙasa, amma a lokacin ba domin horon mutum suke ba. Bayan zunubi ne suka zama abokan gābarsa a gonar da yake neman abinci. Ai ko yau da ƙaya muke shinge, awaki kuma suna cin bagaruwa. Ke nan abin da Farawa 3 ta ƙara shi ne gumi, da wuta-wuta a gonar dawa, da shekara irin 1973 da 1984 da aka shuka ba a girbe ba. Aikin kansa ya riga la'ana zuwa.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙungiyoyinmu na gama kai. Toma ya yi tambaya, da ba a yi zunubi ba, za a sami shugaba? Ya amsa, i. Mutane za su bambanta a shekaru da ƙarfi da sani, zaman tare kuma ba ya yiwuwa sai da mai kula da amfanin kowa. Abin da ba za a samu ba shi ne bauta, wato wani ya mai da ɗan'uwansa kayan aikinsa. Shugaban da ya ba danginsa takin zamani da fari, ya bar gwauraye da ragowa, ya sauka daga shugabanci na asali ke nan. Ya kuma ce a Aidan da mutane sun yi amfani da dukiya tare ba faɗa, amma a halinmu na yanzu rabon dukiya ya zama dole domin guje wa husuma. Don haka kada ma'aji ya ji haushi in an nemi a karanta littafin kuɗi a gaban taro, kada kuma a ce kwaɗo biyu a ƙofar rumbun ƙungiya rashin bangaskiya ne. Mu ba a Aidan muke ba. Luther da Kalbin ma sun ɗauki ɓarnar zunubi da zurfi fiye da Toma, balle su hana mu sa kwaɗo.

A taronku na wannan wata, sai a karanta ayoyin nan da ƙarfi, a kuma gayyato samarin da ke shirin ci-rani. A tambaye su wane sashe na aikin gona suke ƙi, aikin ne kansa, ko kuwa bashi da rashin taki da farashin kaka? A rubuta amsoshinsu, magatakarda ya kawo mana kafin ruwan shuka.