Gyaɗar da Ta Bi Hanyar Iska

Likita, ɗana shekararsa biyu da wata uku. Mako biyar ke nan yayarsa ta ba shi soyayyiyar gyaɗa, yana ci yana guje-guje, sai ya ƙware. Ya yi ta tari har idanunsa suka yi jawur, ya yi amai, can kuma abin ya lafa ya koma wasansa. Muka yi hamdala. To tun ranar tari bai rabu da shi ba, ƙirjinsa yana kuka kamar ana fito, yanzu har da zazzaɓi. Mun ba shi maganin tari kala uku, an yi masa alluran nimoniya, an ɗauki hoton ƙirji an ce ba a ga komai ba. Kakarsa ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. Ina mafita?
Wata uwa, daga Kano

Hajiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: ki kai shi babban asibiti mai sashen kunne, hanci da maƙogwaro yau ko gobe, kuma maganar farko da za ki faɗa wa likita ita ce, "Ya ƙware da gyaɗa mako biyar da suka wuce, tun ranar yake tari." Kada ki fara da zazzaɓin. Ban duba yaronki ba, amma duk likitan da ya ji wannan labari wajibi ne ya ɗauka akwai gyaɗa a hanyar numfashinsa har sai an leƙa an tabbatar babu.

Bari in nuna miki hanyar da gyaɗar ta bi, domin idan kika gane ta, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

A can bayan baki, iska da abinci hanya ɗaya suke bi na ɗan taƙi, sannan su rabu. Bututun iska yana gaba, na abinci yana bayansa. Taɓa zakaran wuyan maigidanki: wannan guringuntsin shi ne akwatin murya, kuma shi ne ƙofar hanyar iska. A samansa akwai wani ɗan murfi mai kama da ganye. Duk lokacin da mutum ya haɗiye, akwatin muryar yana ɗagowa sama, murfin ya kifu a kansa, igiyoyin murya su matse, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, loma ta wuce ta baya. Muna yin haka sau ɗaruruwa a yini ba mu ma sani ba. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya ja numfashi da ƙarfi alhali da abu a bakinsa, kamar wanda ya fashe da dariya, ko ya razana, ko yaron da ya yi tuntuɓe yana gudu. A lokacin ƙofar a buɗe take, iskar sai ta ja abin ta yi ciki da shi. Iyayenmu da suke hana magana a kan abinci ba su karanta ilimin jiki ba, amma sun yi daidai.

Ƙasa da akwatin murya bututun iska ne, wanda a babba tsawonsa santimita 10 zuwa 12, da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da suke hana shi rufewa. A jikin ƙaramin yaro faɗinsa bai wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba. Dubi yatsan ɗanki, ki dubi ƙwayar gyaɗa, za ki ga kusan an auna su ne. A tsakiyar ƙirji bututun yana rabuwa biyu, reshe ɗaya zuwa huhun dama mai sassa uku, ɗaya zuwa na hagu mai sassa biyu, don zuciya ta ci masa wuri. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa abin da ya faɗa ya fi yawan bin dama, ko da yake a yara ƙanana bambancin bai kai na manya ba. Daga nan rassan suna ta rabuwa kamar na tsamiya, sau ashirin da 'yan kai, har su ƙare a ƙananan jakunkunan iska miliyoyi ɗaruruwa, inda jini yake karɓar iska mai kyau ya sauke gurɓatacciya.

Yanzu ga inda ake yaudarar iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya. Akwatin murya da mararrabar nan suna da jin taɓi ƙwarai. Da abu ya taɓa su sai tari mai tsanani ya tashi. Wannan ne kika gani ranar farko. Amma da gyaɗar ta wuce ta zauna a cikin reshe guda, jijiyoyin wurin sukan saba da ita, tari ya lafa, ɗaya huhun ya ci gaba da aiki, yaro ya koma wasa. Kowa sai ya ce ta faɗa ciki. Shirun nan ba sauƙi ba ne. Yana iya ɗaukar kwanaki, yana iya ɗaukar makonni.

A cikin shirun gyaɗa tana aikinta, kuma ta fi ɗan dutse ko roba ɓarna. Tana shan danshi ta kumbura. Man da ke jikinta yana ƙona fatar bututun, wurin ya kumbura ya tsiro da nama a kewayenta. Kakin da aka saba sharewa sama, ta hanyar wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, sai ya taru a bayanta ya ruɓe, ga nimoniya, ga zazzaɓi. A ba da magani ya sauka, a daina ya dawo, kuma kullum a gefe ɗaya. Kukan fiton da kike ji iska ce take matsawa ta gefen gyaɗar. Wani lokaci iskar tana shiga ta kasa fita, huhun ya cika ya yi tim. Wani lokaci hanyar ta toshe gaba ɗaya, sashen ya shanye ya lotse. In aka yi watanni a haka, rassan wannan sashe suna iya lalacewa har abada, wani yaron sai an yanke masa ɓangaren huhu. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: tari mai ƙarfi ya tumɓuke gyaɗar ta dawo sama ta toshe babban bututun.

Batun hoto kuwa, kada ya kwantar miki da hankali. Hoton ƙirji yana nuna ƙarfe da ƙashi. Gyaɗa, masara, wake, aya da ƙwayar kankana ba sa fitowa. Abin da gogaggen ido yake nema shi ne alamar da suka bari, kamar huhu ɗaya ya fi ɗaya cika, kuma sau da yawa ko wannan ba a gani. Labarin da uwa ta bayar ya fi hoton nauyi.

A gaishe da Kaka, a kuma ba ta haƙuri. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, gyaɗar tana can ƙasa a ƙirji, tsakaninsu tafiya ce. Cire beli ba zai taɓa ta ba, sai dai ya ƙara wa yaron da numfashi yake yi wa wuya zubar jini a daidai bakin hanyar iskarsa.

Abin da za a yi masa a asibiti shi ne a sa shi barci, a zura wani siririn bututun ƙarfe mai fitila ta baki zuwa hanyar iska, a ga abin, a kamo shi da ɗan hantsaki. Ba a yanka ƙirji. Aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Jamus, Gustav Killian, shi ya fara ciro ƙashi daga reshen huhun wani mutum ta wannan hanya a 1897. Sai dai yana buƙatar kayan aiki daidai girman yara da ƙwararren mai ba da maganin barci, don haka manyan asibitoci za a nufa, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kusa da ke, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki tafi da hotunan da aka ɗauka da kwalayen magungunan da ya sha. Kafin ku isa, kada a bubbuga masa baya, kada a riƙe shi a kife ana jijjigawa da nufin ta fito.

Ga sauran iyaye, abin da za a yi a daidai lokacin ƙwarewar ya dogara da tambaya ɗaya: yaron yana fitar da sauti? In yana tari da ƙarfi, yana kuka ko magana, iska tana wucewa. A bar shi ya yi tarinsa, babu dabarar da ta kai tari ƙarfi. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa lomar tuwo wai ta tura abin, domin ba a hanyar abinci yake ba. Kada kuma a zura yatsa ana lalube. Abin da ido bai gani ba, yatsa ciki yake ƙara tura shi.

In kuwa ya yi shiru, baki buɗe ba sauti, leɓe ya fara canza launi, to ƙofa ta rufe, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna. Babu lokacin neman mota. Jaririn da bai kai shekara ba, a kifa shi a kan hannu, hannun yana kan cinya, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a tallafe haɓarsa, a bugi tsakanin kafaɗunsa da gindin tafi sau biyar. In bai fito ba, a juyo shi rigingine a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar. Ba a danna wa jariri ciki, hantarsa tana kusa. Wanda ya haura shekara, a sunkuyar da shi a buga bayan sau biyar, sannan a tsaya ko a durƙusa a bayansa, a ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, a ja ciki da sama da ƙarfi sau biyar. Wannan ta biyun, ta ciki, ita ce dabarar da likitan Amurka Henry Heimlich ya bayyana a 1974: ana tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji ne sama, iskar da ta rage a huhu ta fito da abin kamar toshiyar kwalba. A riƙa sauyawa tsakanin biyun, wani yana neman taimako. In ya suma, a kwantar da shi a fara danna ƙirji da hura masa iska. Ko abin ya fito, a kai shi a duba.

Yaron da bai cika turamensa ba gutsura yake yi da haƙoran gaba, ba ya niƙawa, kuma turamen ƙarshe na yarinta ba sa gama fitowa sai wajen shekara biyu da rabi zuwa uku. Ko sun fito, sai ya koyi aiki da su. Saboda haka gyaɗa ƙwaya, aya, gurjiya, gugguru da gasasshiyar masara a dakata da su har ya kai shekara biyar. A ba shi kunun gyaɗa, ko a dama masa tunkuza a abinci. A zaunar da shi in zai ci. A kuma ja kunnen yayye, don yawanci daga hannunsu abin yake fitowa, cikin ƙauna. Su ma manyan ba su tsira ba: ɗalibi da murfin biro a baki, da budurwar da take riƙe fil da leɓe tana gyara mayafi a gaban madubi, ta ɗaga kai, wata ta yi mata magana ta amsa.

Ke dai Hajiya, daga yanzu zuwa lokacin da za ku isa asibiti ki sa masa ido. In kika ga numfashinsa yana sauri, tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko muryarsa ta dushe, kada ki jira gari ya waye.