Manhajarku na cikin kwantena: ba sai kun koyi Kubernetes ba

Tambaya: Mu uku ne muka gina manhajar duba sakamakon jarrabawa ga wasu makarantu masu zaman kansu. Mun saka ta cikin kwantenar Docker, muna hayar sabar guda muna biya duk wata. Yawancin lokaci babu mai shiga, amma ranar da aka fitar da sakamako sai iyaye su yi ca a lokaci guda, sabar ta tsaya cik. Wani ya ce mu koma Kubernetes. Mene ne shawararka?

Amsa: Shawarata ita ce kada ku taɓa Kubernetes a yanzu. Kayan aiki ne nagari, Google ne ya fito da shi a 2014 don masu tafiyar da ɗaruruwan kwantenoni, amma kula da shi aiki ne mai zaman kansa, kuma ku uku ne da manhaja ɗaya. Lokacin da za ku ɓata wajen sabunta shi da tsaron ƙofofinsa, manhajarku ce ta fi buƙatarsa.

Damuwarku ta asali ita ce yanayin masu shigowa: shiru na makonni, sannan cunkoso na kwana biyu ko uku. Sabar da ake haya duk wata kamar ɗaukar shatar mota ce ta wata guda alhali sau biyu za ka fita, ranar fitar kuma mutanen sun fi ƙarfin motar. Abin da ya dace da ku shi ne tsarin da ba ku ne ke riƙe da sabar ba. Kuna miƙa kwantenar ga wani kamfani, shi zai tayar da kwafinta idan an shigo, ya ƙara kwafi idan mutane sun yi yawa, ya kashe su idan an watse, ku biya gwargwadon abin da ya yi aiki.

Da ni ne, da Cloud Run na Google zan fara. Ya fito a 2019, kuma sharaɗinsa mai sauƙi ne: kwantenarku ta saurari buƙatun yanar gizo a tashar da ya faɗa mata ta cikin PORT, wadda 8080 ce idan ba ku canza ba. Idan babu kowa yana sauka har sifili, ba kwafi ko ɗaya da ke gudu. Azure Container Apps na Microsoft, wanda aka buɗe wa kowa a 2022, shi ma yana sauka sifili, don haka wanda ya riga ya saba da Azure ba shi da dalilin ƙaura. Fargate na Amazon, na 2017, ya ɗan bambanta: ya ɗauke muku kula da sabar, amma kwantenar da kuka tayar tana nan tana gudu ana lissafa muku kuɗi ko da babu mai shiga. Ya fi dacewa da aikin da ba ya yankewa. Lambda na Amazon kuwa tun 2020 yake karɓar kwantena, sai dai kowane aiki ba ya wuce minti 15, kuma sau da yawa sai an gyara manhaja ta bi tsarinsa.

Zaɓen kamfani shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin yana cikin manhajarku, kuma a nan nake so ku natsu.

Duk abin da kwantena ta rubuta a cikinta, da zarar an kashe ta ya tafi. Idan malamin aji ya ɗora hoton ɗalibi ko takardar sakamako manhajarku ta ajiye a wani kundi na cikin sabar, a sabon tsarin gobe za a nema a rasa. Ko a yau ɗin ma, kwafin da ya karɓi hoton daban, wanda uban yaro ya faɗa hannunsa daban. Irin waɗannan fayiloli sai su koma ma'ajiya ta waje kamar Cloud Storage ko S3. Haka shaidar cewa mutum ya riga ya shiga da kalmar sirrinsa: idan a ƙwaƙwalwar kwantena take, za a yi ta korar iyaye waje suna sake shiga. A mayar da ita rumbun bayanai ko Redis.

Sai rumbun bayanan kansa, inda aka fi yin tuntuɓe. Kwantena tana ninkuwa cikin daƙiƙoƙi, rumbu ba ya ninkuwa haka. PostgreSQL, idan ba a canza masa saiti ba, haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda. A ce kowane kwafin manhajarku yana buɗe haɗi 10, ranar sakamako aka tayar da kwafi 30, kun nemi haɗi 300 ke nan. Rumbun zai ƙi karɓa, iyaye su sake ganin shafi a tsaye, ku kuma ku ɗauka sabon tsarin ne ba shi da kyau. Maganin shi ne ku ƙayyade iyakar kwafin da za a iya tayarwa, ku rage haɗin kowane kwafi, ku ninka lambobin biyu ku tabbata ba su kai abin da rumbun ke ɗauka ba. Ba kwa buƙatar kwafi masu yawa ma, domin a Cloud Run kwafi ɗaya na iya karɓar buƙatu da dama a tare.

Wannan iyakar ce kuma ke tsare aljihunku. Da dala ake lissafin kuɗin, ku kuwa da naira makarantu ke biyanku. Idan kuka bar ƙofa a buɗe, kuskure guda a manhaja ko wani mai mugun nufi da ke ta aiko da buƙatu zai iya tara muku bashi cikin dare ɗaya. Ku saita gargaɗin kasafi, amma ku sani saƙo kawai yake aikowa, ba ya tsayar da komai. Iyakar kwafi ce ke tsayarwa.

Akwai jinkirin tashi. Idan manhaja ta sauka sifili, mutumin farko da ya shigo zai jira kafin kwantena ta tashi, kuma mai nauyi ta fi daɗewa. A ranakun shiru wannan ba abin damuwa ba ne. Daren jajibirin sakamako sai ku sa a bar kwafi ɗaya ko biyu a kunne, bayan cunkoso ku mayar sifili. Rage nauyin kwantenar ma yana taimakawa. Kayan gini da na gwaji ba su da aiki a cikin wadda za ta fita kasuwa.

Idan manhajarku na tura wa iyaye saƙon tes bayan ta amsa buƙata, ku kula sosai. A saitin farko na Cloud Run, ana janye wa kwantena ƙarfin aiki da zarar ta ba da amsa, sai saƙonnin su maƙale. A jera su a layi, wani aiki daban ya riƙa ɗauka yana turawa.

Ku ajiye manhaja da rumbu a yanki ɗaya. Amazon ya buɗe cibiya a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024, amma kada ku ɗauka ta Afirka ta Kudu ce dole ta fi sauri daga Kano ko Kaduna. Ku gwada ta, ku gwada ta Turai, da layin wayar da iyayen ke amfani da shi.

Gaskiya guda kuma: kuɗin rumbun bayanai zai ci gaba da fita duk wata, ko an shiga ko ba a shiga ba. Kuma idan Allah ya buɗa muku har manhajar ta zama ana shigarta dare da rana, ku sake lissafi, domin a lokacin sabar ta haya kan fi araha. Kafin zangon karatu ya ƙare, ku ɗora kwafin gwaji, ku yi amfani da k6 ko Locust ku tura masa ɗaruruwan masu shiga na ƙarya, idonku a kan adadin haɗin rumbun.