Amsoshin Tambayoyinku: Taki da Saiwar Kwakwar Manja

Tambayar wannan makon ta fito daga wani mai sauraro a N'Djamena: wace alaƙa ce tsakanin sinadaran ƙasa da girman saiwar kwakwar manja?

Kwakwar manja ba ta da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa. Saiwoyi dubbai ne ke fita daga gindinta, suna rassa har su zama sirara kamar zare, kuma waɗannan siraran ne ke tsotsar abinci, galibinsu cikin santimita 50 na saman ƙasa. Fosfaras ne ke sa saiwa ta yaɗu, musamman ga dashe. Naitirojin yana gina ganye, fotashiyam kuma bishiyar na cinsa da yawa lokacin 'ya'ya. Inda aka tara sararren ganye ya ruɓe, nan saiwa ke yin cunkoso, shi ya sa manoma ke watsa taki a wurin.

Sai dai taki ba ya aiki a busasshiyar ƙasa. Bishiyar na son ruwan sama kimanin milimita 2,000 a shekara, N'Djamena kuwa ba ta samun ko sulusinsa. Saboda haka gonakin kwakwar manja suna kudancin Kamaru da Najeriya.