Ɗan Haya a Tsallaken Kogin Kaduna: Takarda Ce Gatanka

Sana'ata kula da gidajen haya ce a unguwannin kudancin kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa har zuwa Barnawa, Narayi, Unguwar Talbijin da Sabon Tasha. Ni ke tsakanin mai gida da ɗan haya: in karɓi kuɗi, in rubuta yarjejeniya, in sasanta su idan sun saɓa. Tambayar da aka fi yi mini, musamman a ƙarshen shekara lokacin da haya da kuɗin makaranta ke haɗe wa mutane, ita ce: "Wane ofishin gwamnati ne ke taimaka wa talaka da kuɗin haya?"

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Babu ofishin da za ka je ka cike fom a riƙa biya maka haya wata-wata. A Amurka akwai irin wannan tsari tun 1974, inda mai ƙaramin ƙarfi ke biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na samunsa, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Mu ba mu kai nan ba. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka biya kuɗin rajista za a sa sunanka cikin masu karɓar tallafin haya, aljihunka yake hari. Akwai dai 'yan ƙofofin sauƙi, amma kowacce sai da takarda ake shiga, kuma takardar ce mafi yawan 'yan hayarmu ba su da ita.

Masaƙu ne suka gina wannan yanki. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Fijo ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata suka kwararo daga ko'ina a ƙasar nan, masu filaye suka jera musu ɗakuna layi biyu suna kallon juna, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya a ƙuryar gida. A lokacin albashi na zuwa duk wata, haya ma duk wata ake biya. Da KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai albashin ya tafi ya bar ɗakunan. Masu gida da suka gaji da bin bashi suka koma neman kuɗin shekara a dunƙule.

Rikicin addini na 2000 da na 2002 sun ƙara dagula lamarin. Mutane suka riƙa ƙaura zuwa inda suke ganin hankalinsu zai kwanta, Kiristoci da yawa suka tsallako kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa ko suka tattaru a 'yan unguwanni. Romi, Gonin Gora, Kamazo da Mararrabar Rido suka cika cikin gaggawa. Daga baya waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Chikun da Kajuru suka ƙaru a kai. Illar wannan ga ɗan haya ita ce zaɓinsa ya ragu: ba a duk garin yake neman ɗaki ba, a ɗan yankin da ya yarda da shi ne kawai, kuma mai gida ya san da haka. Gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi, irin Lokos na Barnawa da rukunin gidajen tarayya na Gonin Gora, sun daɗe da cika, ba su kuma taɓa isar jama'a ba.

Kafin ka fita neman ɗaki, zauna ka yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna naira 72,000 ne tun ƙarshen 2024, wato naira 864,000 a shekara. Idan aka bi ma'aunin nan na kashi 30 cikin ɗari, bai kamata mai wannan albashi ya wuce kimanin naira 259,000 a haya ba. Kuma kuɗin da dillali ya faɗa maka ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai la'adarsa, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan wuta da ruwa da kwasar shara da 'yan sintiri. Sai babban abin da mutane ke mantawa, kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke kwana a Mararrabar Rido yana aiki a Kasuwar Barci ko Kawo zai iya kashe wa abin hawa fiye da rarar da ya samu a haya. Araha ba ta ado.

Ƙofar sauƙi ta farko tana cikin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, mai aiki daga 1 ga Janairun 2026. Ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai, amma abin da za a cire ba zai haura naira 500,000 ba. A fahimta da kyau, ba kuɗi za a miƙa maka a hannu ba. Misali, idan hayarka naira 300,000 ce, za a cire 60,000 daga samunka kafin a lissafa haraji. In kana matakin da ake yankar kashi 15, abin da zai rage maka naira 9,000 ne a shekara. Ba yawa, amma naka ne. Wanda samunsa bai kai a yanka masa haraji ba kuwa, babu abin da zai ƙaru da shi a nan. Sharaɗin shi ne ka bayyana ainihin abin da ka biya, kuma ba ka da hujjar da ta wuce rasit.

Ta biyu ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ma'aikata da yawa ana cire musu kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi duk wata, amma ba su san lambarsu ta asusun ba, balle su bincika ko kuɗin na isa. Mai zubi yana da damar neman lamunin gida a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekaru har 30, akwai kuma tsarin shiga gida a matsayin ɗan haya kana biya har ya zama naka. Layin yana da tsawo, gidajen kuma ba su da yawa, amma wanda ba shi da shaidar zubi ko layin ba zai shiga ba. Wanda bai ci lamuni ba yana da haƙƙin karɓar kuɗinsa idan ya yi ritaya.

Ta uku, wadda ta fi ceton mutane a zahiri, ita ce ta jama'a: adashi, ƙungiyoyin taimakon juna na wuraren aiki da kasuwanni, asusun jin ƙai na coci, da zakka a masallatai. Cikin waɗanda nake karɓar haya a hannunsu, masu biya a kan kari ba su ne suka fi samu ba. Su ne waɗanda suka raba hayar shekara gida goma sha biyu, suka shiga adashi, suka roƙi a ba su kwasa wata guda kafin wa'adi. Masu ba da taimako su ma yanzu sukan nemi ganin yarjejeniya ko takardar notis kafin su fitar da kuɗi, domin an sha yi musu ƙarya.

Idan ka samu ɗakin da ya yi maka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka shiga ciki da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa da ke da takardar wakilci, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. Na ga ɗaki ɗaya da wani ɗan damfara ya karɓi kuɗin mutum uku a kansa, alhali ko mabuɗi ba shi da shi. Ka dubi gindin bango: idan akwai zanen ruwa, damina ta taɓa shiga. Wannan ya fi shafar gidajen da ke gangaren kogi ta wajen Barnawa da Nasarawa da bakin rafin Romi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar Satumban 2003 ba ya buƙatar dogon bayani. Ka tambayi bashin wuta da ke kan mita kafin ka shiga, don kada ka gaji na wani. Ka biya ta banki da sunan mai gida, ka rubuta dalilin biyan, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da adireshi, adadin kuɗi, ranar farawa da ranar ƙarewa. Kuɗin ajiyar ɓarna ma a rubuta shi, da sharaɗin mayar da shi.

Sai maganar tashi, inda aka fi cutar waɗanda ba su sani ba. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, abin da aka saba a shari'ar haya a Najeriya shi ne notis na wata guda ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai hayar shekara-shekara, sannan wani notis na kwana bakwai kafin mai gida ya tafi kotu. Amma a kula: idan ka sa hannu a kan haya mai ƙayyadajjen wa'adi, ko kuma yarjejeniyar ta rage kwanakin notis, abin da ka sa wa hannu ne zai yi aiki. Shi ya sa nake roƙon mutane su karanta, ko su sa a karanta musu, kafin su dangwala. Ko da bashi a kanka, doka ba ta yarda mai gida ya cire ƙofa, ya kware rufi, ya datse wuta ko ya watsar da kayanka waje ba. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya, ba ɗan sanda ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, tana da ofishi a Kaduna. Sai dai notis ba lasisin zama kyauta ba ne, kowace rana ka ƙara bashi ne a wuyanka. Idan ka hango ba za ka iya biya ba, je ka sami mai gida tun da sauran wata biyu, ku tsara biya kashi-kashi, ku rubuta, ku sa shaidu.

Ku ma iyayenmu masu gidaje, da yawanku tsofaffin ma'aikata ne da gwauraye waɗanda hayar nan ce abincinku, na sani. Amma ɗakin da ya yi wata huɗu a rufe ana jiran mai kuɗin shekara ya fi jawo asara a kan ɗan haya mai biyan wata uku-uku ba fashi. Ku ba da rasit ko ba a tambaya ba, ku sanar da ƙarin haya tun da wuri a rubuce.

Ɗan uwa ɗan haya, yau ɗin nan ka nemo rasit ɗinka na ƙarshe. In babu, je ka roƙi mai gida cikin ladabi ya rubuta maka, ka ɗauki hotonsa a waya, ka adana na asalin inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa muhallinsa na kansa.