Filin Shawarwari: Raunin Mazakuta, Basir Ne Ko Wani Abu Dabam?

TAMBAYA

Ana roƙon wannan fili ya yi bayani a kan abubuwan da ke haddasa raunin mazakuta, domin mai wannan takarda magidanci ne ɗan shekara 47, wanda ƙarfinsa ya yi ta raguwa sannu a hankali tun kusan shekara biyu da suka wuce, har ta kai gabansa ba ya miƙewa sosai, in ma ya miƙe yakan kwanta kafin biyan buƙata, alhali kuwa sha'awarsa tana nan yadda take. Yana shan maganin hawan jini, ya ajiye teɓa, yana busa sigari jefi-jefi, kuma a 'yan watannin nan ƙishirwa ta dame shi tare da yawan tashi fitsari da dare. Abokai sun ce basir ne ya ci ƙarfinsa, wasu sun ce sanyi ne, wata 'yar'uwa kuma ta ce hannu aka sa masa, saboda haka ya sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe iri-iri ba tare da ya ga canji ba. Abin da yake son sani shi ne ko basir ɗin ne da gaske, ko shekaru ne suka kawo, kuma ko ya dace ya ajiye maganin hawan jinin, tunda an ce masa shi ma yana kashe maza.

Daga wani magidanci, Zariya.

AMSA

Allah ya ba Malam lafiya, kuma ya kyauta da bai bar kunya ta rufe masa baki ba, domin magana ce da malaman fiƙihu kansu suka tattauna a babin aure ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abin da likitoci ke kira raunin mazakuta shi ne namiji ya kasa samun miƙewar azzakari, ko ya kasa riƙe ta gwargwadon yadda saduwa za ta yiwu, kuma hakan ya ci gaba har wata uku ko fiye. Gazawar dare ɗaya saboda gajiya ko ɓacin rai ba ta shiga wannan lissafi, haka nan saurin inzali da rashin haihuwa matsaloli ne dabam, ko da yake mutane kan haɗa su a baki ɗaya. Wani shahararren bincike da aka yi a jihar Masacuset ta Amurka, wanda aka wallafa a 1994, ya gano cewa kashi 52 cikin ɗari na mazan da ke tsakanin shekara 40 da 70 suna da wani abu na wannan rauni, kaɗan ko mai yawa. Yawansa yana ƙaruwa da shekaru, amma abin da ke tafe da shekarun, wato cututtukan jijiyoyin jini, shi ne mafi yawan dalilin, kuma ɗan shekara 47 bai kai inda za a ce masa ya haƙura ba.

Miƙewa aiki ne na jini kafin komai. A cikin azzakari akwai wasu dogayen tsoka guda biyu masu rami-rami kamar soso, kuma idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta laka zuwa jijiyoyin wurin, su kuma su saki wani sinadari mai suna nitirik okzaid, wanda ke sa bangon hanyoyin jini ya saki jiki, jini ya kwararo ya cika ramukan, cikar kuma ta danne ƙananan hanyoyin da jini ke bi ya fita, ta yadda zai tsaya a ciki har a gama. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, hanyar jini ce ko jijiyar saƙo ko sinadaran jiki ko kwanciyar hankali, yana iya kawo rauni, kuma a jikin magidanci mai shekaru sau da yawa dalilai biyu ko uku ne ke haɗuwa.

Akwai abin da ya fi batun shimfiɗa muhimmanci a nan. Hanyoyin da ke kai jini azzakari faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, waɗanda ke ciyar da zuciya kuwa sukan kai 3 zuwa 4, saboda haka idan kitse ya fara taruwa a bangon jijiyoyi, ko bangon ya fara lalacewa saboda hawan jini da sigari, ƙananan ne ke fara nuna alama, kuma likitocin zuciya sun lura cewa raunin mazakuta yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Raunin da ya zo a hankali, sha'awa tana nan, irin wanda takardar ta kwatanta, musamman idan miƙewar asuba ma tana raguwa, ya fi kama da na jijiyoyin jini.

Ƙishirwa da fitsarin dare da mai tambaya ya ambata a ƙarshe, tamkar ba su da alaƙa da zancen, su ne suka fi jan hankalin wannan fili, domin suna cikin sanannun alamun ciwon suga. Wannan ciwo yana yi wa mazakuta illa ta fuska biyu a lokaci guda: sugan da ya yi yawa a jini yana lalata rufin cikin jijiyoyin jini har su rage samar da sinadarin nan na miƙewa, sannan yana cinye jijiyoyin saƙo a hankali, kamar yadda yake sa wasu su daina jin tafin ƙafarsu. Fiye da rabin maza masu ciwon suga suna fuskantar wannan rauni, kuma yakan same su shekara 10 zuwa 15 kafin lokacin da yake samun sauran maza. Abin takaici shi ne ciwon yana iya zama a jiki shekaru ba a sani ba, mutum yana ta shan jiƙo, wani lokaci ma haɗe da zuma da lemon kwalba, yana ƙara wa kansa abin da ke cutar da shi.

Game da maganin hawan jini, akwai gaskiya a abin da aka gaya masa, amma rabin gaskiya ce. Wasu magunguna, musamman masu sa fitsari na dangin tayazaid, da tsofaffin masu rage bugun zuciya irin su propranolol da atenolol, da kuma metildopa, suna iya rage miƙewa a jikin wasu mutane, yayin da wasu irin su losartan ba a san su da wannan illa sosai ba. Sai dai hawan jinin da aka bari ba magani ya fi kowace ƙwaya lalata jijiyoyi, kuma wanda ya ajiye maganinsa da kansa ya buɗe wa shanyewar ɓarin jiki ƙofa. Abin yi shi ne ya kai wa likita kwalin maganin, ya faɗi matsalar ƙarara, domin a duba ko za a canza masa.

Sigari tana matse jijiyoyin jini, kuma jefi-jefin ma ba ta da amfani. Teɓa tana rage testostiron, wato sinadarin maza da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ƙarancinsa ya fi bayyana ta mutuwar sha'awa da kasala. Giya mai yawa, da tiramadol da kodin waɗanda matasa da dama ke sha da sunan ƙarin ƙarfi ko jinkirta inzali, suna danne wannan sinadari idan aka daɗe a kansu. Wasu magungunan ciwon damuwa, da rauni a laka, da tiyatar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, duk suna cikin dalilai, haka ma doguwar miƙewa mai zafi da ke samun masu sikila, wadda idan ta wuce awa huɗu ba a je asibiti ba tana iya lalata tsokar wurin.

Ba a raina rawar da zuciya ke takawa ba. Fargaba tana sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, aikinsa kuwa matse hanyoyin jini ne, saboda haka wanda ya gaza sau ɗaya ya shiga ɗaki yana tsoron ya sake gazawa ya riga ya tanadi dalilin gazawa ta biyu, kuma bashi da karayar jari da rashin jituwa da iyali suna aiki ta wannan hanya. Raunin da tushensa tunani ne yakan zo kwatsam, ya zo yau ya tafi gobe, miƙewar asuba kuma tana nan lafiya.

Basir kuwa kumburin jijiyoyin dubura ne, kuma ba ya cikin abubuwan da likitanci ya tabbatar suna kashe mazakuta, illa dai zafinsa na iya hana mutum sakewa. Ciwon sanyi yana zuwa da alamunsa, kamar zafin fitsari da fitar ruwa, kuma gwaji ke tabbatar da shi. Batun sammu ba hurumin wannan fili ba ne, addu'a kuma ba ta hana awon jini, sai dai zargin matar aure ko dangi a kan abin da suga ko hawan jini ya haddasa zalunci ne da ya raba gidaje.

Dole a yi kashedi a kan maganin ƙarfin maza da ake tallarsa a tasha da kasuwa da Facebook. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa ana zuba sildenafil, wato sinadarin Viagra da aka amince da shi a Amurka a 1998, a cikin kayan da aka ce ganye ne zalla, ba tare da an rubuta ba kuma ba a san adadinsa ba. Maganin yana da amfani a hannun likita, amma idan ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret yana iya faɗar da jini har a rasa rai.

Shawarar wannan fili ita ce Malam ya je asibiti a cikin wannan mako ba tare da ya karya kumallo ba, a auna masa suga, wanda idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram kuma awo na biyu ya tabbatar, ciwon suga ne, a duba hawan jini da kitsen jini da aikin ƙoda, a auna testostiron da safe idan likita ya ga dacewar hakan. Ya bar sigari gaba ɗaya, ya riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa a mafi yawan ranakun mako, ya kuma zauna da uwargida ya gaya mata cewa lalura ce ta jiki da ake nema wa magani, don kada ta ɗauka juya mata baya aka yi. Kada ya ajiye maganin hawan jini kafin ya ga likita. Allah ya sawwaƙe.