"An Ce Gas Ya Ƙare": Yadda Ake Gano Cutar Injin Sanyi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa garin Gaya ko Ajingi a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, ya san darajar injin sanyi. Da shi mai shago ke sanyaya lemo da ruwan leda, da shi matan gida ke daskarar da zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shi kuma mai kifi ke tsare jarinsa. A azumin 2023 da na 2024, waɗanda suka faɗo cikin Maris da Afrilu, ƙanƙara ta zama hajar da kowa ke nema gab da shan ruwa. A asibiti kuwa, a cikin firji ake ajiye alluran rigakafin yara.

Amma ranar da injin ya daina sanyi, magana ɗaya ake ji: "Gas ya ƙare." Sai a kira mai gyara, ya ɗura gas, a biya shi, bayan mako biyu a koma gidan jiya. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi cewa gas ɗin injin sanyi ba ya ƙarewa kamar man janareta, kuma sau da yawa cutar tana wani wuri dabam, inda ido da kunne da tafin hannu za su iya gano ta.

Yadda injin ke aiki

Mu fara da randa. Ruwan randa yana sanyi ne domin kaɗan daga cikinsa na tsattsafowa ta jikin yumɓu ya zama tururi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da ke kusa da shi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Injin sanyi ma haka yake, sai dai maimakon ruwa yana amfani da wani sinadari mai tafasa cikin tsananin sanyi, wanda masu gyara ke kira gas. Alal misali, R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri idan babu matsi a kansa. Wannan sinadari yana zagaya sassa huɗu a cikin rufaffen bututu:

1. Mazuƙar zafi, wato bututun da ke cikin akwatin. A nan sinadarin ke tafasa, yana zuƙe zafin kayan da aka ajiye.
2. Kwamfuresa, baƙar tukunyar nan mai guri. Ita ke jawo tururin ta matse shi har ya yi zafi.
3. Kondensa, bututun da ke waje. A nan tururin ke zubar da zafinsa cikin iska ya koma ruwa.
4. Siririn bututu, ko bawul a manyan injuna, wanda ke rage matsin ruwan kafin ya sake shiga mazuƙar zafi.

Ke nan aikin injin shi ne kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje. Manyan injunan masana'antu da ake kira cila, waɗanda ke sanyaya ruwa zuwa kimanin digiri 7 a tura shi da famfo cikin bututu, su ma a kan wannan tsari suke. Saboda haka duk lokacin da sanyi ya ragu, tambayar da ta dace ita ce: a wane mataki ne zafin ya maƙale?

Mataki na farko: a yi lissafi

Kafin a ɗora wa injin laifi, a duba nauyin da aka ɗora masa. Saukar da lita ɗaya ta ruwa daga digiri 30 zuwa sifiri na buƙatar a cire kimanin kilojul 126 na zafi. Daskarar da ita kuma na buƙatar ƙarin kilojul 334. Jimla 460 ke nan. Mai ƙanƙarar da ya zuba lita 100 yana son a cire kilojul 46,000. Idan injinsa na cire kilojul ɗaya a kowace daƙiƙa, zai ɗauki kusan awa 13 yana aiki babu tsayawa. In kuwa wutar awa shida ya samu, ruwan ba zai daskare ba, alhali lafiyar injin ƙalau. Haka nan uwargidan da ta zuba zoɓo da zafinsa ta ƙara wa injin aikin da iska za ta yi mata kyauta.

Mataki na biyu: a saurara

Idan kwamfuresa ta yi guri na ɗan lokaci, sannan aka ji "ƙas", ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake, to ta kasa tashi ne, kuma na'urar kariyarta da ake kira obalod ita ke katse wutar don kada ta ƙone. Abin zargi na farko shi ne ƙarfin lantarki. An ƙera injunanmu ne don bolt 220 zuwa 240, kuma a lokacin tashi kwamfuresa na jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ja a tsakiyar aiki. Don haka raunanniyar wuta, ko ƙaramin janareta, ko doguwar siririyar waya, duk suna iya hana ta tashi. In mita ta nuna wutar ta cika, sai a duba rile da kafasita, ƙananan kayan da ke taimaka mata tashi, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: idan an ɗauke wuta, a jira minti biyar kafin a sake kunna injin ko a juya shi kan janareta, domin matsin da ke cikin bututun ya daidaita.

Mataki na uku: a dubi kondensa

Zafi ba ya gangarawa sai daga abu mai zafi zuwa mai sanyi. Saboda haka dole kondensa ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi, galibi da digiri 10 zuwa 15. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan takan toshe ƙofofin kondensa kamar an lulluɓa mata bargo. A lokacin sanyi ba a ganewa, sai bazara ta shigo.

Idan zafin kondensa ya tashi daga digiri 40 zuwa 60, matsin R134a kan tashi daga kimanin ninki 10 na matsin iskar duniya zuwa kusan ninki 17. Kwamfuresa za ta sha wuta da yawa, ta yi zafi, sanyi kuma ya ragu. Ƙara gas a wannan hali ƙara wa Borno dawaki ne, domin matsin zai daɗa hawa. Maganin shi ne a zare filogi, a share ƙurar da buroshi mai laushi, a tabbatar fanka na juyawa, a janye injin daga jikin bango, a kuma raba shi da rana da zafin kwano. A manyan cila, sai a haɗa da duba famfon ruwa da matatarsa, domin ruwa in ya ragu na'urar kariya kan kashe injin.

Mataki na huɗu: ƙofa da ƙanƙara

A sa takarda a bakin ƙofa a rufe, sannan a ja. In ta zare babu turjiya, robar ƙofar ta saki, iska mai ɗumi na kutsawa. Danshin wannan iska ne ke daskarewa a jikin mazuƙar zafi, musamman da damina. Mutane kan ɗauki kaurin ƙanƙarar alamar ƙarfin inji, alhali katanga ce tsakanin kaya da bututu. A kashe injin a bar ta ta narke. Kada a kuskura a ɓamɓare ta da wuƙa, domin ta haka ake huda bututu.

Mataki na biyar: sai yanzu a zo kan gas

Gas na raguwa ne kawai idan bututu ya hude. Alamominsa su ne: kwamfuresa na aiki ba tsayawa, kondensa ba ta wuce ɗumi-ɗumi ba, ƙanƙara ta tsaya a farkon mazuƙar zafi kaɗai, kuma akan ga tabon mai a wurin da ke yoyo, domin man kwamfuresa na fita tare da gas. Kumfar sabulu kan tona wurin. Toshewa ma na kama da wannan. In danshi ya shiga bututu, yakan daskare a bakin siririn bututu: injin ya yi sanyi, ya daina, in an kashe shi na ɗan lokaci sanyin ya dawo.

Wannan aiki na ƙwararre ne mai geji. Nagari zai like hujin, ya canza diraya mai tsotse danshi, ya zuƙe iskar ciki da famfo, sannan ya ɗura irin gas da nauyin da aka rubuta a jikin injin. Da naitirojin ake gwada yoyo. Iskar oksijin in ta haɗu da man kwamfuresa tana iya fashewa. A lura kuma cewa R600a da ke cikin yawancin sababbin firji yana kama wuta. Shi kuwa tsohon gas R12, an daina shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana cinye rigar ozon da ke kare mu daga mugun hasken rana, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa R134a ma cikin waɗanda za a rage, domin yana ɗumama duniya. Ashe ɗura gas a injin da ke yoyo asara biyu ce, ta aljihu da ta muhalli.

Sanyi ma kan yi yawa

A ɗakin shan magani, yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, ana kuma rubuta awon safe da yamma. In tamostat, wato na'urar da ke kashe injin idan sanyi ya isa, ta lalace, alluran kamar na tetanus da na ciwon hanta nau'in B za su daskare su rasa ƙarfinsu, a yi wa yaro allurar da ba za ta kare shi ba.

Kammalawa

Tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya maƙeran farko suka tafi gindin Dala neman tama. Maƙeri kuwa sai ya dubi ƙarfe kafin ya ɗaga guduma. Haka ya kamata mai gyaran gobe ya kasance: ya fara da lissafi, da wuta, da ƙura, da ƙofa, sannan ya waiwayi gas.

Aikin aji

1. Awa nawa injin da ke cire kilojul 2 a daƙiƙa zai ɗauka kafin ya daskarar da lita 150 na ruwa mai digiri 30?
2. Da izinin mai shago, ku ziyarci injin sanyi a unguwarku tare da malaminku. Ku auna tazararsa da bango, ku dubi kondensa, ku gwada robar ƙofa, ku rubuta abin da kuka gani.